Motar da Ke Zafi a Inuwa

Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun nan a mota ya san Sannu-Sannu. In bai san fuskarsa ba to ya san ƙeyarsa, domin ita baƙi suke kallo daga kujerun baya tun safe har la'asar. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ko wa ya ce masa ya ɗan taka mota, amsar ɗaya ce, sannu-sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Shekara arba'in yana kai 'yan yawon buɗe ido ganin ruwan da yake zubowa daga kan dutse, ta hanyar da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi, kuma bai taɓa kifar da kowa ba. Wannan kam ko maƙiyinsa ya shaida.

Motarsa doguwar jif ce, koriya a zamanin da take da launi. A bayanta an rubuta "Da tsohuwar zuma ake magani," rana ta cinye rabin rubutun, sai mutane suka taƙaita suna ce mata Tsohuwa. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. Kujerarsa ta lotsa daidai da zamansa, in wani ya hau sai ya ji kamar ya sa takalmin aro. Amma a ba ta laka, a ba ta yashi, a ba ta tsakuwa mai zamewa, sai ta sa kai ta haura tana gurnani. Aibinta ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: tana zafi. In an haura dogon tudun da ke bayan rafi, aka kai ƙauyen nan mai gida tara, sai ta yi fizga biyu ta mutu a gindin wani ƙaton ɓaure. Sai an jira kusan awa guda kafin ta huce.

Wannan zafi ya hana Bakanike sakat. Abokin Sannu-Sannu ne tun suna samari, kuma duk motar da ta bi ta hannunsa a yankin nan ta warke, ban da Tsohuwa. Ya canza lagireto sau uku. Ya canza fanka, ya canza bel, ya taɓa kwance injin gaba ɗaya ya shimfiɗa a kan buhu ya mayar. A majalisa in ana son a tsokane shi, sai wani ya gyara murya ya tambaye shi ya jikin mara lafiyarsa.

Ranar wata Litinin da safe, Auta, 'yar Sannu-Sannu, ta aika a kira shi ofis. Yayyenta duk sun watsu a birane, ita ce take riƙe da harkar yanzu. Ta je ta yi karatu, ta dawo ta mai da ɗan masaukin baƙin da uwarta ta bari gida mai ɗaki goma sha biyu, ta jera babura masu ƙafa huɗu a ƙarƙashin rumfa don matasan da suke son su tuƙa da kansu su dawo da laka har kunne. Ma'aikata suna ce mata Manaja. Shi ma yakan ce mata haka, amma sai in yana jin haushinta.

Ofishin ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, fanka ɗaya, hulunan kwano rataye a ƙusoshi. A bango akwai taswirar hanyar da ya zana da hannunsa a bayan kwali tun da daɗewa, Auta ta sa an yi mata gilashi. Ya zauna yana kallon taswirar don kada ya kalli fuskarta, domin ya ga irin zaman da ta yi.

"Baba, masu duba motoci sun ƙi sabunta wa Tsohuwa takarda," in ji ta. "Sun ce tsatsa ta cinye ƙarfen ƙasanta. Kawu Bakanike ma ya shiga ƙarƙashi ya gani, ya ce har yatsa yana shiga."

"Yatsan Bakanike ai ko'ina shiga yake yi."

"Ba wasa nake ba, Baba. Ranar Juma'a takardarta za ta ƙare. Asabar mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya ɗauke ta, sabuwar jif kuma tana hanya." Ta juyo masa da wayarta tana jan rubutu da yatsa da sauri. "Dubi abin da baƙi suke rubutawa. Hanya ta yi kyau, direba mutumin kirki ne, amma mota ta lalace mana. Wannan ma haka. Ga wani ma. Kunya nake ji. Da sabuwar mota sahu biyu za mu riƙa yi a rana, babu tsayawa ko'ina sai bakin ruwa."

"Har ƙauyen su Innarki, can gindin ɓaure?"

"Sai mu ɗaga musu hannu. Ai dama ba tsayawa muke yi ba, mota ce take tsayar da mu."

Ya ce, "To, Manaja," ya ɗauki hularsa ya fita.

Abin da Auta ba ta sani ba, Bakanike ma bai sani ba, shi ne sau ɗaya tak Tsohuwa ta taɓa yin zafi don kanta a kan tudun nan, kuma an yi shekara arba'in da yin haka.

Lokacin yana saurayi, kayan shago yake kai wa ƙauyuka, gishiri da sabulu da kananzir. Wata rana wasu baƙi uku masu manyan jakunkuna suka ce ya kai su ganin ruwan dutse. Ya yi mamakin mutumin da zai ɗauki hayar mota don kawai ya je ya kalli ruwa yana zuba, amma bai yi musu ba, tunda ba shi aka ce ya kalla ba. A kan tudu lagireto ya tafasa, tururi ya turnuƙe, ya gangara da ita gindin ɓaure cikin kunya. Yana tsaye yana fifita inji da hula sai ga wata budurwa ta sauke tulu daga kanta ta ajiye a gabansa, ta ce, "Malam, jakinka ne yake jin ƙishi ko kai?" Kafin ya lalubo amsa ta wuce abinta. Kafin inji ya huce, mutanen ƙauye sun shimfiɗa wa baƙin tabarma, an kawo shayi, an kawo zuma a cikin saƙarta. Baƙin nan suka manta da ruwan da suka zo gani. Da za su tafi suka roƙi a sayar musu da zuma da kwanduna, aka yi ta ja-in-ja, masu gida suna cewa ba a sayar wa baƙo, baƙi suna cewa sai sun biya.

Mako na zagayowa Tsohuwa ta sake yin zafi a gindin ɓaure, kuma wannan karon lafiyarta ƙalau. Ya koyi dabarar da kansa. A ƙarshen tudu sai ya ɗaga ƙafa daga totur ya taka, ya ɗaga ya taka, mota ta yi fizga, ya shaƙi iska ya ce ash, ya murɗe mabuɗi. Ya zaro 'yar gorar ƙarfen da yake ajiyewa a ƙarƙashin kujera, ya buɗe bonet, ya juya wa baƙi baya, ya tsiyaya ruwa a kan ƙarfe mai zafi. Wa zai ga tururi ya yi gardama? Kafin damina ta dawo an ɗaura masa aure da mai tulun. Har ta koma ga Allah, Mai Ruwa yake ce mata.

Bayan auren ya yi niyyar Tsohuwa ta warke, tunda buƙata ta biya. Ya gwada yin abin a fili: ya tsaya, ya ce wa baƙi nan ana sayar da zuma da kwanduna, mai so ya sauka. Ranar ya ga abin da bai manta ba. Baƙi suka sauko da fuskar kasuwa, suna jujjuya kwando suna neman aibinsa don a rage musu, wani yana ɗaukar tsofaffi hoto ko gaisuwa babu. Mata suka shige gida ɗaya bayan ɗaya. Surukinsa, tsoho mai zuciya, ya naɗe tabarmarsa ya ce su ba 'yan talla ba ne.

Da ya ba Mai Ruwa labari a gida, ita da ta daɗe da gano wayonsa, sai ta ce, "Wanda ka kawo don ya saya, ciniki ya zo yi. Wanda mota ta lalace masa kuwa baƙo ne, mu ne masu gida. Ka bar motarka ta ci gaba da ciwonta. Amma ka rufa wa mutanena asiri, kada ka taɓa faɗa wa kowa. In suka san da gangan ne, ba za su sake shimfiɗa tabarma ba." Ya yi mata alkawari.

Da wannan ciwon ƙarya aka rufe gida tara da kwano, aka haƙa rijiya, samari da dama suka fasa tafiya birni suka ƙara amyar zuma a bayan gari. Yanzu Mai Ruwa ta shekara uku a ƙasa, sabuwar mota kuma ba ta zafi. Gaba kura, baya sayaki: in ya yi shiru, ƙauyen zai koma wurin da ake ɗaga wa hannu a wuce, in ya yi magana, ya karya alkawarin da ya yi wa wadda ba ta nan balle ya nemi ta yafe masa. Kwana biyu yana juya abin a ransa bai ga mafita ba.

Ranar Laraba ya kai Tsohuwa garejin Bakanike, ba don wani gyara ba, ƙafarsa ce kawai ta saba. Ya tarar da shi zaune a kan tsohuwar taya yana wanke kusoshi a cikin gwangwanin fetur. Bakanike ya miƙe da ƙyar, ya zagaya motar, ya dafa bonet ɗinta.

"Za ta tafi ban warkar da ita ba," in ji shi. "Ka san abin yana tsaya mini a rai? Motar da na sani ciki da bai."

"Ka yi iyakar ƙoƙarinka, aboki."

"Ƙoƙarin da bai yi magani ba ai sunansa wahala. Ka tuna ranar da na bi ka har kan tudu? Da idona na ga allura ta hau ja. Na dawo na kwance komai, ban ga komai ba."

Sannu-Sannu ya tuna sarai. Ranar, da suka tsaya a rafi Bakanike ya zaga bayan dutse, shi kuma ya zura kwali a gaban lagireto don iska ta daina shiga, saura kaɗan ya ƙone injin da gaske. Da can in ya tuna yakan yi dariya shi kaɗai. Yau da ya dubi furfurar abokinsa da baƙin man da ya zauna masa a farce, sai kunya ta kama shi. Ya ce rana ta yi, bari ya je.

Juma'a ce tafiyar ƙarshe. Baƙi huɗu ne, wani dattijo da matarsa, da 'yan mata biyu masu yawan dariya. Yana cikin ɗaure ƙofarsa da igiya sai ga Auta ta buɗe ɗaya ƙofar ta shigo da littafi da biro, ta ce za ta auna lokacin kowane zango don ta tsara sabon jadawali. Rabonta da kujerar gaba tun tana zama a cinyar uwarta. Sai dai kash, daga inda ta zauna gejin zafi yana kallonta ido da ido.

Suka bar kwalta a bayan makarantar firamare. A bakin yashi ya tsaya ya rage iskar tayoyi huɗu da tsinken ashana, yana lissafi a zuci, domin taya mai laushi shimfiɗuwa take yi a kan yashi, mai tauri kuwa rami take haƙa wa kanta. A rafi ya naɗe wando ya shiga da sanda, ya taka har ƙetare ya dawo, kamar yadda yake yi kullum ko da jiya ya wuce, saboda a cewarsa rafi ba ya riƙe alkawari. 'Yan matan suna ta ɗaukarsa hoto, Auta tana rubuta mintoci. A inda hanya take karkacewa gefen kwazazzabo ya ce kowa ya jingina hagu. Matar dattijon ta rufe ido tana addu'a, mijin yana ce mata ba wani abin tsoro, alhali gumi ya jiƙa masa riga.

Kowane dutse a hanyar nan yana da labari a wurinsa. Ga wanda ya yini yana turawa da sandar ƙarfe don mota ta samu wucewa, Mai Ruwa tana zaune a inuwa da cikin Auta, tana yi masa tsiya wai duk ƙarfinsa a baki yake. Ga inda suka taɓa maƙalewa a laka, ta kama sitiyari shi yana turi, mota na fita ta bar shi a baya yana binta da gudu. Ya so ya nuna wa Auta wuraren, ya ga kanta a kan littafi, sai ya fasa.

Sai dogon tudu. Ya sa giya ta ɗaya, Tsohuwa ta kama haurawa. Allurar geji tana tsakiya, ko motsi ba ta yi. Ya hango kan ɓaure. Ya ce a ransa yau kam wucewa zai yi, ya ɗaga hannu kamar yadda Manaja ta ce, gara a fara koyo tun yanzu. Amma ƙafar da ta shekara arba'in tana yin abu ɗaya ba ta jin shawara. Ta ɗaga ta taka, ta ɗaga ta taka. Tsohuwa ta yi fizga biyu.

"Ash," in ji Sannu-Sannu, ya murɗe mabuɗi.

Auta ta dubi geji, ta dubi hannunsa. Ya fita ya buɗe bonet. Yana cikin tsiyaya ruwa ya ji numfashin mutum a kafaɗarsa. Tururi ya tashi a tsakaninsu.

"Baba," ta ce a hankali, don baƙi suna saukowa. "Tun yaushe?"

"Tun kafin a haife ki."

Daidai nan Inna, yayar Mai Ruwa, doguwar tsohuwa mai sanda, ta fito daga gida tana jajantawa. "Sannunku da wahala, baƙi. Wannan motar ta ƙanena ba ta da kirki. Ku zo inuwa, ku zo." Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo shayi. Ba a daɗe ba wani magidanci ya tafi da baƙin ganin amya, 'yan matan suna tambayarsa ko ƙudan zuma sun san mai gidansu. Auta ta jira har muryoyinsu suka yi nisa.

"Shekara nawa ina ba baƙi haƙuri ina jin kunya," ta ce. "Kawu Bakanike ya tsufa ana yi masa dariya. Ashe kai ne ciwon motar. In don su Inna ne, me ya hana ka faɗa mini, in sa wurin a jadawali, in kafa allo?"

"Rage murya, Manaja. An gwada."

Ya ba ta labarin ranar da kakanta ya naɗe tabarma, da abin da uwarta ta ce, bai rage komai ba. Sannan ya ce, "Na yi mata alkawari. Ga shi yau na karya rabinsa. Ki taimake ni da sauran rabin, kada Innarki ta ji."

"Kada in ji me?"

Inna ce a bayansu da faranti da kofi biyu. Kunnen tsohuwar nan, in aiki ake kiranta ba ya ji, amma in raɗa ake yi ko daga bayan dutse ne sai ya kamo. Sannu-Sannu ya fara kame-kame, wai maganar lagireto suke yi. Ta miƙa wa Auta farantin, ta dube shi sama da ƙasa.

"Direba, ka ɗauke mu wawaye ne? Wace irin mota ce za ta shekara arba'in tana lalacewa, ba ta taɓa lalacewa a rana ba, kullum sai a inuwa? Tun kana gindin tudu muke ɗora ruwan shayi. Babanmu ma ya sani, Allah ya jiƙansa. Shi ya ce kada wanda ya nuna maka, yaron nan yana rufa mana asiri, mu ma mu rufa masa."

"Ita fa, Yaya?" in ji shi. "Ta san kun sani?"

"Ƙanwata? Ai ita ta ce mu riƙa jajantawa da ƙarfi, wai in ba a jajanta ba ba ka jin daɗi. Ta ce muddin kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa, babu mai jin an yi masa alfarma, babu mai gori."

Ya zauna a kan bambar mota. Dariya ta taso masa, kafin ta kai baki ta koma kuka. Ya yi kewarta a lokacin nan fiye da ranar da aka rufe ta. Shekara uku a ƙasa, amma har yanzu tana yi masa wayo. Ya cire hula ya goge fuska, ya ce tururi ne ya shiga masa ido, matan biyu kuma suka bar shi a kan haka.

Inna ta juya ga Auta. "Na ji an ce sabuwa za ki kawo, wadda ba ta ciwo. Allah ya sa alheri, 'yata. Mu ba za mu tare hanya mu ce a tsaya ba, ba mu gaji haka ba. In za ku wuce dai ku danna mana hon, mu san kuna lafiya."

Auta ta sunkuyar da kai tana juya kofi a hannu. Da baƙi suka dawo da kwanduna da kwalaben zuma, matar dattijon tana riƙe da hannun wata tsohuwa kamar sun shekara da sanin juna, sai Auta ta dubi agogo ta rubuta minti hamsin a littafinta.

Asabar da hantsi mai sayen ƙarafa ya zo da babbar mota, aka ja Tsohuwa da sarƙa aka ɗora. Bakanike ya ƙi zuwa, ya aiko cewa bayansa ne ya riƙe. Sannu-Sannu ya kwance igiyar ƙofa ya sa a aljihu, bai san me zai yi da ita ba. Gorar kuwa ya lalubi ƙarƙashin kujera bai same ta ba, ya ɗauka ta faɗi a hanya, ya ce dama aikinta ya ƙare. Ya tsaya har motar ta sha kwana. Ta taga ya hango Auta a ofis ta ƙura wa waya ido, tana jan rubutun a hankali, ba irin jan ranar Litinin ba.

Sabuwar jif fara ce sol, ƙofofinta suna rufuwa babu ƙara, sanyi yana fitowa daga cikinta. Litinin aka sa tafiyarta ta farko. Auta ta ce ita za ta tuƙa, Baba ya zauna gaba ya nuna hanya, Kawu Bakanike kuma ya shiga baya da baƙi ya saurari inji. Sannu-Sannu bai taɓa bin hanyar nan daga wannan kujerar ba, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Duk da haka ya yi aikinsa. Ya rage iskar tayoyi da tsinken ashana, ya shiga rafi da sanda ya dawo, ya ce a jingina hagu a bakin kwazazzabo.

Dogon tudun da Tsohuwa take haurawa da gurnani, wannan ta haura shi kamar ba tudu ba. Ya hango kan ɓaure. Ta bayan dangar gidan Inna wani siririn hayaƙi yana tashi. Sun ɗora ruwan shayi ke nan, ko don sabo, ko don ba su fid da rai ba. Abin ya soke shi a zuci. Ya juya fuskarsa ga taga, ya shirya hannun da zai ɗaga.

Mota ta yi fizga. Ta sake yi, ta sake, har sau huɗu. Fizgar ba ta yi kyau ba, ta yi yawa, ta ɗan koyo ce.

"Baba," in ji Auta, idonta a kan hanya, "ba ka jin wani ƙauri?"

Ya shaƙi iska. Ba abin da yake ji sai ƙamshin sabuwar kujera.

"Ina ji," ya ce. "Gara ki gangara inuwa."

"Ash," in ji ta, ta murɗe mabuɗi a gindin ɓaure.

Bakanike ya turo kai daga baya, idanunsa a waje. "Sabuwa fil? Yau-yau da fitowarta?" Sai ya buga cinya. "To kun gani ko? Shekara nawa ina faɗa a gari ana yi mini dariya. Ba aikina ba ne, tudun nan ne. Ko jirgin sama ka kawo nan sai ya yi zafi."

"Gaskiyarka, aboki," in ji Sannu-Sannu. "Ba laifinka ba ne, ko sau ɗaya."

"Ni kam ko dubawa ba zan yi ba, na huta. Ina shayin nan da ake ba da labari?"

Uba da 'ya suka zaga gaban mota. Sai da ta nuna masa inda ake buɗe bonet ɗin. Ciki duk an rufe da baƙar roba, ko ƙusa ɗaya bai gane ba. Auta ta buɗe jakarta ta zaro gorar ƙarfen.

"Na sake karanta abin da suke rubutawa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Layi ɗaya ne na mota. Sauran duk na su Inna ne."

Ta karkata gorar. Ya kama wuyan hannunta.

"Ba nan ba, wayoyi ne. Can ƙasa, inda ƙarfen ya canza launi. Ki juya musu baya. Kaɗan-kaɗan, Auta."

Ruwa ya sauka a kan ƙarfe ya yi cuuu, tururi ya taso, ba mai yawa ba, amma ya isa. Bai saki hannunta da wuri ba. Daga bayansu ya ji ƙarar sanda a kan tsakuwa, ya ji ana warware tabarma.

"Sannunku da wahala, baƙi. Wannan motar ta 'yata ba ta da kirki. Ku zo inuwa, ku zo."

Inna ce, tana jajantawa da ƙarfi, yadda aka ce ta riƙa yi.